Tafiyata Mango Da Ɗiyar Yaya Da Ba Ta Kai Zane Ba

Alhamis

Ƙarfe biyar na asuba na bar Zongo da kayan makaranta na kaki da na ɗinka wa Rabi, ɗiyar Yaya Salisu. Shekararta tara, ba ta taɓa shiga aji ba, ni kuwa na ɗauka sakacin ubanta ne. Na tafi da faɗana a baki.

A Notse masu abarba suka cika mana taga. Jandarma sun tsayar da mu a Atakfame, direba ya ce, "Hajiya, fito da katin shaidarki." Na ce ban je Makka ba tukuna, ya ce to ya kai ni. Ƙarfe ɗaya muka ci wake da shinkafa a Sokode, yaji kamar an yi faɗa da mai abincin. Da magariba muka shiga Mango, na kwana wurin wata ƙawata.

Juma'a

Ƙarfe bakwai na hau zemijan, babur ɗin haya ke nan, zuwa ƙauyen su Yaya. Awa biyu muna dambe da laka har bakin wani rafi. Ɗan babur ya ce, "Iyakata nan." Yaya ne ya ƙetaro ya riƙe hannuna, ruwa har ƙirjina, ina salati yana dariya.

Ko zanina bai bushe ba na fara. "Yaya, yarinya shekara tara a gida?"

Ya kai ni gindin wata tsamiya, ya nuna mini zane da aka yi da wuƙa a jikinta. Makarantar tana hayin da na baro, ga tafiyar awa guda bayan an haye. Duk shekara iyaye kan jera yara a nan. Wanda haɓarsa ta wuce zanen a sa shi makaranta, wanda bai kai ba ya jira baɗi, don kada ruwa ya ci shi.

Rabi ta zo ta tsaya da kanta, har da ɗage. Saura yatsa uku. Mu dangin gajeru ne, ni shaida ce. Kunya ta kama ni, faɗan ya mutu a bakina.

Na ce, "Yaya, ba ni ita." Ya dubi uwarta. Uwar ta tashi ta shiga ɗaure mata kaya.

Lahadi

Ƙarfe huɗu na yamma muka sauka Zongo lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Yaya da matarsa, ba ƙaramin abu suka ba ni ba.

Litinin

Na kai ta makarantar bayan gidanmu, tafiyar minti biyar. Shugaban ya duba takardar haihuwarta, ya ɗago kai. "Madam, ina take duk shekarun nan?"

Na ce, "Tsawo take jira."