Wasili a Bayan Gajimare

Wasili taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka tun muna yara ba abin da ke haɗa mu sai tsiya. Duk ƙauyukan bakin kogin Kuskokwim ban ga mai taurin kai irinsa ba. Da kuɗin kifi ya sayi wani tsohon jirgin sama mai kujera biyu, duk faci. Ƙauyenmu ba hanyar mota, sai ya zama jakin kowa. Mai ciwon haƙori, mai naƙuda, mai aika busasshen kifi birnin Bethel, duk shi ne, kuma ko sisi ba ya karɓa.

Amma da ido yake tuƙi. An yi an yi ya koyi bin na'ura cikin gajimare, ya ce kakansa bai taɓa ɓata a dusar ƙanƙara ba. In hadari ya haɗu sai ya nemi 'yar kafa ya haura inda rana take, in ya iso gida ya nemi wata ya sauko.

Na ce, "Ranar da aka toshe rami, ɓera zai yi bayani."

Ya ce, "Ji mai magana! Kai da kwalekwale ma ke sa ka amai?"

Ranar da abin ya faru, daga farauta yake dawowa. Gajimare ya sauko har ya taɓa rufin coci, ko kafar allura babu. Muna jin ƙugin jirginsa bisa kanmu, yana ta zagaye. Na ruga na ɗauki rediyon oba-oba na kira shi.

"Matsoraci, yaya ƙasa?" in ji shi.

"A rufe ruf. Juya ka yi Bethel!"

"Da me, da yawu? Mai ya kusa ƙarewa. Nan fa rana ce tas, ka yi asarar kallo."

Muka cinna wa tsofaffin tayoyi wuta a filin sauka ko zai hango hayaƙi. Ina! Hayaƙin kwanciya ya yi ya dawo mana ido.

Can sai ya ce, "An tashi yara daga makaranta?"

"Tukuna," na ce. Ga shi makarantar a gefen filin sauka take.

"To, in na kutso a makance ban san kan wa zan faɗa ba. Bari in yi wajen fadama, inda ba kowa."

Matarsa Olinka ta fizge rediyon daga hannuna. "Kada ka kuskura, Wasili! Sauko nan inda za mu gan ka!"

"Yi haƙuri, uwar 'ya'yana. Ai har da namu yaran a ciki."

Ƙugin ya juya, ya yi ta nisa. Gari guda muka tsaya cirko-cirko cikin hayaƙi, kowa ya kasa kunne, ni kuwa hawaye kawai nake yi. An daɗe, amma ba wanda ya yarda ya fara cewa ya daina ji.