Magini Dorkon da Sha'irin Zeus

Duk katangar dutse da ke tare ƙasa a gangaren ƙauyenmu, nan cikin tsaunukan Arkadiya, in ba Dorkon ne ya ɗora ta ba, to shi ya gyara ta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk dutse ya karkatar da su. Ba ya sa laka. Dutse kan dutse, ya yi ta juya shi har ya zauna daram. Kowace katanga kuma sai ya bar mata rariya a gindi, inda ruwa zai bi ya fita.

Surutu bai dame shi ba. Ran idin Zeus, gunkinmu mai sama da aradu, yakan kai wainar sha'ir da zuma kamar kowa, ya tsaya daga baya har a gama kirari, ya koma kan aikinsa. Su uku ne a gida: shi, da matarsa Melanto, da tsohuwarsa Filinna wadda ido ya tafi, haƙori ya bi shi. Shi da Melanto sun haifi 'ya'ya, ba su tsaya ba. Gona ɗaya gare su, ta sha'ir, da masussuka a samanta wadda ya shimfiɗe da faffaɗan dutse da hannunsa.

Shekarar da abin ya faru gonar ta yi kyau. Sun yanke, sun sussuke, sun sheƙe, tsaba ta taru tsibi guda a tsakiyar masussuka, saura a zuba a tuluna. Da rana tsaka hadari ya taso daga bayan tsauni. Dorkon na gida yana ɗauko tuluna, Melanto ta ruga da fatun awaki za ta rufe tsibin. Ƙarar aradu ɗaya aka ji. Da ya hau, ya tarar da ita kwance rub da ciki kusa da hatsin, gashinta na hayaƙi, takalminta ɗaya can gefe.

Ya sunkuya zai ɗauke ta, sai ga Arkedamos, sarkin tsafin Zeus na ƙauyen, yana haki, jama'a na biye da shi.

"Kada ka taɓa ta! Fito daga nan, fito da baya!"

"Matata ce, Baba."

"Da safe matarka ce. Yanzu mai sama ya ɗora mata hannu. Inda ya sauka nasa ne, da ƙasar da duk abin da ke kanta."

"Har hatsin?"

"Kai Dorkon! Sarkin alloli ya sauko gonarka da kansa, kai hatsi kake tambaya?"

Wanda aradu ta kashe ba a yi masa wanka, ba a yi masa kuka, ba a gusar da shi. Daga nesa aka yi ta watsa wa Melanto ƙasa da kwanduna har ta rufu. Arkedamos ya zagaye masussukar yana jan sanda a ƙasa, ya ce a kewaye wurin, kada ƙafar mutum ta sake taka shi. Magini kuwa ɗaya ne a ƙauyen.

Ya gina. Masu wucewa na yi masa barka. Mata na kawo waina su jefa ciki ta saman katanga, tsuntsaye su cinye, ba wadda ta tuna ta leƙa gidansa da ko ɗaya. Maƙwabcinsa Sofilos, wanda suka daɗe suna rigima kan iyakar gona, yakan zauna kan dutse yana cin ɓaure yana kallo.

"Sannu da aiki, abokin takarar Zeus! Kai, Zeus ɗin nan akwai son mata. 'Yan matan duniya duk sun ƙare masa, sai Melanto da furfurarta?"

Dorkon ya ɗora wani dutsen.

"Ka gina da kyau fa. Ɗakin amarya kake yi wa wani."

Ta gefen da masussukar ta fi karkata ya bar rariya kamar kullum. Ta dai ɗan fi ta kullum faɗi. Bai ce wa kowa komai ba.

Da bazara suka rayu kan ɓaure da zaitun ɗin bara. Aiki ya ja baya, don mutane na girmama mijin wadda Zeus ya taɓa, amma ba mai son hannunsa a kan katangarsa, kada aradu ta biyo sawu. Ya yanka akuyar ƙarshe. Ya koma tsintar 'ya'yan itacen da aladu ke ci. Shi yana iya haɗiye su, Filinna kuwa cikinta ya ƙi, kunun sha'ir kaɗai ke zama mata.

"Ɗan nan, ina hatsinmu? Da kunnena na ji kuna sussuka."

"Yana hannun Zeus, Inna."

"To ci yake yi?"

"Ajiyewa yake."

"Ka ce masa tsohuwa na jin yunwa."

Ya faɗa masa. Ya hau tsauni ya ɗaga hannuwa sama ya faɗa, sannan ya sauko ya zauna jiran ruwa.

Sanyi ya shigo da ruwansa. Ran da aka fara yin mai ƙarfi, Dorkon ya ɗauki kwando ya tsuguna a bakin rariya, ta waje. Ruwa ya wanko masussuka ya fito da tsaba, baƙa-baƙa, cakuɗe da kashin tsuntsu, wata har ta fara tsiro. Ya tare. Ya wanke, ya soya a tukunya, ya daka, ya dama. Filinna ta sha har da lasar kwano.

Labari ya kai wa Arkedamos. Ya zo ya tsaya kan rariyar yana shafa gemu.

"Ruwan na Zeus ne. Abin da ya sallamo da ruwansa ya sallamo, ɗauki abinka. Amma ko sanda, ko ɗan yatsa, kada ya wuce katangar nan. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Haka aka yi ta yi har tsakiyar sanyi. Sai ruwa ya ɗauke, ƙasa ta daskare. Ganye da laka suka toshe rariyar daga ciki. In Dorkon ya kwanta ya leƙa, yana hango hatsin ya taru a bayan toshiyar, bai wuce kamu guda ba. Kullum sai ya je ya leƙa, ya ɗaga kai ya dubi sama, sama tas. Filinna ta daina tambaya. Daga baya ta daina tashi.

Wata safiya ya je, ya duba hagu da dama, ya kwanta, ya zura hannun dama har kafaɗa, ya yaye lakar, ya damƙo tsaba cike da tafi.

"A'a! Har ka kai hannu ɗakin amarya?"

Sofilos ne a saman gangare da aladunsa.

Kafin rana ta take an taru a dandali. Samari na cewa a jefe shi, wasu har sun tsinci duwatsu. Arkedamos ya ɗaga sanda aka yi shiru.

"Kana da magana?"

Dorkon bai saba magana gaban jama'a ba, amma ya yi. "Ni na nome shi, Baba. Ni na shimfiɗa dutsen da yake kai. Shi Zeus me ya yi? Ya kashe mace tana rufe hatsi. Yanzu kuma zai kashe makauniya."

Mata suka toshe kunnuwa. Wani tsoho ya tofa yawu a ƙirjinsa don kawar da sharri.

"Ba za a jefe shi ba," in ji Arkedamos. "Mutumin bai shiga ba, hannun ne ya shiga. Abin da ya shiga kuwa na Zeus ne. A mayar masa da kayansa."

"Har kafaɗa na gani fa," in ji Sofilos.

"Wuyan hannu ya isa. Kada a ce ba mu da tausayi."

Mahaucin da ke yanka dabbobin hadaya shi ya sare, maƙeri ya ƙone dungun da jan ƙarfe. Aka jefa hannun ta saman katanga, aka bi shi da tsabar da ya damƙo. Kafin a bar shi ya tafi gida sai da aka sa shi toshe rariyar da hagu, don ba wanda ya iya zaunar da dutse kamarsa. Sofilos ne ke miƙo masa duwatsun.

Zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya farfaɗo, ya tarar an riga an binne Filinna. Wata maƙwabciya da ta shigo aron wuta ce ta same ta a sandare, a ɗaki ɗaya da shi.

Bai mutu ba. Ya daɗe ma. Gini ya ƙare masa, ya koma ɗebo wa mutane ruwa da tulu a kafaɗa, a ba shi ragowar tukunya. Da sanyi ya wuce, sha'ir ya tsiro cikin katangar, a tsakanin duwatsu da kan tudun Melanto, kore shar, ya fi na kowace gona a kwarin. Daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallo, ana cewa Zeus ya karɓi wurin. Ya nuna, ya zube, ya sake tsirowa.

Awaki suka fara haurawa suna ci, dattawa suka ce abin kunya ne, a sa mai tsaro. Dorkon aka ba. Yana zama a gindin katangar da tarin tsakuwa a gabansa, ya koyi jifa da hagu, kuma ba ya kuskure.