Gwaggo Tabawa da Sunan Mai Gurmi

Ranar kasuwar Ƙanƙara ina tsaye wurin mai gyaran keke, sai ga Malam Idi na Ruwan Godiya ya ratso mutane ya nufo ni. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, sai haƙuri. Gwaggo Tabawa ta rasu shekaranjiya da hantsi, an yi mata sutura." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan wani kututture, na kasa ko tambayarsa ciwon da ya yi ajalinta.

Gwaggo Tabawa ƙanwar mahaifin Malam Idi ce, a gidansa ta ƙare rayuwarta. Ni ban haɗa jini da ita ba, waƙa ce ta kai ni wurinta.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne, ina zagaya ajujuwan manya a kan keke daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa. Shekara huɗu ke nan, a wata gayya a Tafoki, na ji manoma sun zauna hutawa suna rera wata waƙa mai sanyaya jiki, ta mutumin da aka kai aikin haƙar kuza bai dawo ba, fartanyarsa tana nan rataye a jikin rumbu. Na tambaya ko waƙar wa ce, aka ce ta Mai Gurmi. Na ce sunansa fa? Kowa ya dubi ɗan'uwansa. Baƙo ne, in ji su, da matarsa ya zo. Bai taɓa wasa basarake ko attajiri ba. Gefen kasuwa yake zama da gurminsa yana waƙar yunwa da matafiya da waɗanda suka mutu a hanya, har ya rasu ana ƙarshen yaƙin duniya.

Na sayi littafi na shiga bin sawunsa. Wani tsohon mahauci a Sabuwa ya ba ni rabin waƙa. A Faskari wani ya ce dogo ne, maƙwabcinsa ya rantse gajere ne. Daga ƙarshe aka ce mani matarsa tana nan da rai a Ruwan Godiya.

Na same ta a kan tabarma tana kaɗi. Don zumuɗi ko gaisuwar ban cika ba, na buɗe littafi na ce, "Gwaggo, mene ne sunan mijinki?"

Ta tsai da mazarin ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, a makarantar taku ba a koyar da kunya? Uwarka ta taɓa faɗa maka sunan ubanka da bakinta?"

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake koya wa dattawa karatu, na manta matar kirki ba ta ambaton sunan mijinta na fari. Amma ba ta bari na tafi haka ba, sai da ta dama mani fura, ta ce in dawo ranar da na koyi gaisuwa.

Na dawo, na kuma yi ta dawowa. Tana kaɗi tana rera mani waƙoƙinsa ƙasa-ƙasa, ina rubutawa. In na karanta mata sai ta girgiza kai ta ce, "Maganar ka kama. To kukan fa, ina ka sa shi?" Gurmin yana rataye a ɗakinta cikin tsohon zane, bayan kowace damina ta fito da shi ya sha rana. Ban taɓa barin gidan ba ba tare da na tarar da ƙullin daddawa a jakar kekena ba, wai in kai wa ɗiyarta, tana nufin matata da ba ta taɓa gani ba. Ina kewar zaman nan ƙwarai.

Sai dai sunan ya tsaya mani a rai. Littafi ba sunan mai shi, ai aikin banza ne, haka nake gani lokacin. Wata rana na yi mata wayo, na kama jero sunayen maza ina kallon fuskarta. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "In ka gama da na maza ka shiga na mata." Sannan ta natsu ta faɗa mani abin da ban sani ba. Mijinta ɗan malamai ne. Ranar da ya ɗauki gurmi mahaifinsa ya sallama shi, shi kuma ya ɗauki alkawarin ba zai bari a haɗa sunan da aka raɗa masa da kiɗa ba, kada ya ja wa gidansu magana. "Ko babu kunya, akwai amana," in ji ta.

Maimakon in fahimce ta, fushi na yi. Wata biyu ban leƙa ta ba. Wannan wata biyun yana cina har yau.

Bayan kaka ta aiko Malam Idi ya kira ni. Na tarar da ita kwance, ta rame. Ta ce in rufe littafin, na rufe.

"Duk Juma'a ina yi mashi sadakar waina, ina roƙa mashi gafara, a zuci nike kiran shi," ta ce. "Dangin shi sun manta da shi, ɗiya kuma Allah bai ba mu ba. In na tafi, wa zai kira shi?"

Ba ta furta sunan ba. Ƙissar wani annabi ta ba ni a taƙaice, ta ce, "Ka gane?" Na faɗi sunan sau ɗaya. Tsohuwar nan da ta haura saba'in ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya, ta gyaɗa kai.

"Don addu'a na ba ka, ba don takarda ba."

Saboda haka duk wanda ya ga littafina zai tarar da Mai Gurmi kawai a kansa. Masu cewa bincikena bai cika ba su yi ta faɗa, na yarda.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tabawa, ya haskaka kabarinta, ya sa haƙurinta da riƙon amanarta su bi ta. Allah ya ba Malam Idi da iyalinsa juriyar wannan rashi, ya albarkaci gidan da ya riƙe ta. Juma'ar da ta wuce matata ta soya waina na raba a ƙofar masallaci. Na roƙa wa Gwaggo gafara da sunanta a fili, mijinta kuma na kira shi a zuci. Ya Allah, ka san wanda nake nufi, ka jiƙan su baki ɗaya. Amin.