Ranar da Tsohuwa ta Ƙwace Waya daga Hannuna

Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Tsohuwa, amma da ta rasu a watan jiya ko arba'in ba ta cika ba. Ni Hajo, ƙawarta, nake rubuta wannan da ɗan karatuna na firamare, don na kasa yin shiru.

Bamagujiya ce. Gidansu yana tsallaken rafi, namu yana cikin ƙauye, tafiyar awa guda daga Dayi. A bakin rijiya muka fara haɗuwa ina amarya, ta taya ni ɗora tulu tana yi mini dariya. Tana da gonar barkono da take nomawa da hannunta, ta kai kasuwa da kanta. Da barkonon ta sayi 'yar wayarta, kullum tana ƙulle a haɓar zane. Wayar gidanmu kuwa ta maigida ce, inda ya tafi can take kwana.

Wata shekara Malam Mahadi, malamin asibitin sha-ka-tafi, ya raba wa mata wata lamba a wurin awo. Ya ce in aka kira, likita zai amsa daga birni ya faɗi abin yi. Yawancinmu muka cusa takardar a ƙarƙashin katifa. Ba a samun sabis sai an hau dutsen bayan makaranta. Tsofaffi kuma suka ce wanda bai taɓa jikinka ba ina zai san ciwonka? Tsohuwa ce kawai ta hau dutsen ta kira saboda ciwon ƙafarta, ta yi ta ɗaga murya har masu kiwo suka ji abin da ke damunta.

Daminar da ɗiyata ta fari, Najiba, ta shekara biyu, amai da zawo suka kama ta. Maigida yana Danja wurin aiki da wayarsa. Kwana biyu ina ba ta jiƙo. Ran na uku da hantsi Tsohuwa ta shigo, ta ɗaga yarinyar ta dube ta, ba ta ko zauna ba.

"Goya ta mu hau dutse," ta ce.

Can sama ta kira lambar, ta manna mini wayar a kunne. Muryar namiji ce. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya jikin yarinyar?"

Na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka aka koya mana. Ko mutum yana bakin mutuwa ba ka cewa jiki ya yi tsanani. Ga shi kuma 'yar fari ce, a wurinmu abin kunya ne uwa ta nuna ta damu da ita, ko sunanta ba na faɗi.

"Tana shan ruwa?"

"Tana ɗan sha."

"To madalla. Ki ci gaba da ba ta, in bai tsaya ba ki sake kira jibi."

Da a gabansa muke, da kallo ɗaya ya ishe shi. Amma maganata kawai yake da ita. Ina shirin yin godiya Tsohuwa ta fizge wayar.

"Likita, kada ka biye mata, kunya ce ke cin ta! Babu wani sauƙi. Idon yarinya ya faɗa, tun jiya ba ta yi fitsari ba, ko kuka ba ta iyawa."

Ta juyo gare ni. "Ke Hajo, surukinki ne? Mutum yana Funtuwa, ta ina zai ga 'yarki in ba ta bakinki ba?"

Likitan ya sa ta tsunkuli fatar cikin Najiba ta saki. Fatar ta tsaya ba ta koma ba. Nan muryarsa ta canja. Ya ce a haɗa ruwan gishiri da sukari a riƙa ba ta cokali-cokali, a kama hanyar asibitin Malumfashi yanzu, zai kira su su san muna tafe.

Rafi ya kawo, babur ba ya shigowa. Tsohuwa ta kwance yarinyar daga bayana ta ɗora a wuyanta, ta shiga ruwa har ƙugu, ni ina riƙe da zanenta ina kuka. A bakin titi ta tare Kamalu mai acaba, ta ce masa in ya tsaya gaisuwa a hanya sai ta karya masa madubi.

Kwananmu uku a asibiti ana ƙarin ruwa. Ran na uku Najiba ta buɗe ido ta nemi kunu. Tsohuwa ta tsaya ta ga ta shanye, sannan ta kakkaɓe zane.

"To, ni na tafi. Ciyawa ta cinye mini barkono saboda ke da kunyarki."

Na buɗe baki zan gode mata, ta ce in riƙe abina sai wani lokaci. Bana Najiba ta shiga aji ɗaya. Yayata Tsohuwa, na gode. Na gode.