Kwalbar Wuskin Kakana

Ƙofar kabad ɗin ɗakina a unguwar Bin Omran ta birnin Doha tana da wata ƙara irin ta akwatin ƙarfen kakana. Duk sanda na ji ta sai haushi ya taso mini. Bari ku ji dalili.

Kakana kuku ne. Shekara ashirin yana dafa wa wani Bature abinci a wurin haƙar kuza kusa da Bukuru. Ranar da mutumin zai koma ƙasarsu, kwalbar wuski guda ɗaya ya miƙa masa. Shi kuwa Kaka dattijon coci ne, ko burkutu bai taɓa kai wa baki ba. Ya ƙi sha, ya ƙi sayarwa, ya kuma hana a zubar. Kowace Kirsimeti, bayan an ci shinkafa, sai ya buɗe akwatin, warin kafur ya cika ɗaki, ya warware tsohon bargo, ya ɗaga ta ga hasken taga. Ruwan ciki kamar zuma. Mu jikoki mu yi layi, hannu a baya, kallo kawai. Kakata takan ja tsaki daga bakin murhu: "Shekara ashirin cikin hayaƙi, an sallame ka da abin da ba ka sha."

Lokacin korona ya rasu. Ina nan Doha ina aikin jinya, jirage ba sa tashi. Waya kaɗai na iya. Kullum ina yi wa gwaggona faɗa, kada kowa ya shiga zaman makoki bai goge hannu da sanitaiza ba.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, aka tura ni ɗakin agajin gaggawa a filin wasa na Al Thumama tare da wani dattijon likita ɗan Scotland. Muna hutu na nuna masa hoton Kaka rungume da kwalbar. Ya cire tabarau, ya kusantar da wayar. Ya ce wuskin sha'ir ne zalla, na masana'anta guda, kuma an rufe masana'antar tun kafin a haife ni. Ba za a ƙara yin irinsa ba. "Ku adana ta sosai," in ji shi.

Na fita na kira gida.

"Gwaggo, ina kwalbar Kaka?"

"Tana nan. Manja muke zubawa."

"Abin cikin fa?"

"Ba ke kika dame mu da goge hannu ba? Sanitaiza ta yi wuya a kasuwa, aka ce wannan ma zai yi. Kwana uku muna tsiyaya wa baƙi a ƙofar gida. Har yabon ƙamshin suke."

Na tsaya da waya a kunne, 'yan kallo na ta wucewa da tutoci. Ko faɗa na kasa, da wa zan yi?

Yau yaran gidanmu ba su san an taɓa yin wani Bature ba, kuma ba wanda zai sa su layi don kallon kwalba, sai dai a aike su ɗauko manja. Ni ce har yanzu nake rarraba haushina tsakanin Baturen da Kaka da Gwaggo, kuma duk yadda na raba, kaso mafi girma nawa ne. Da likitan ya tambaye ni labarin kwalbar washegari, sai na ce masa, "Khalas, shi ke nan, Dakta. Ƙauyenmu gaba ɗaya ya wanke hannu da ita."