Yaya Nomau da Wayar Birkin Tafinta

Ku da kunka san Yaya Nomau, ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya taɓa gaishe shi ya samu amsa da baki? Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, ni ce autar ɗakinmu, amma tun ina budurwa har na yi jikoki, in na ce masa ina kwana, tsirkiya ce ke ce mini lafiya lau.

Kullum yana gindin gawon nan na ƙofar gida, molo kan cinya, ido a lumshe kamar mai jiyo ƙamshin miyar wani gari. Ka yi sallama, ya taɓa tsirkiya. Ka ce ina gajiya, ya sake taɓawa. Abin haushin kuma, kana jin amsar sarai, ba ka da bakin cewa bai amsa ba. Wani Bazabarme mai tallar tabarmi ya taɓa ce masa fofo, wato sannu da Zabarmanci, molo ya mayar masa da fofo, har bawan Allah ya waiga yana neman ɗan'uwansa.

Da abin ya ishi Malam Liman, takanas ya taso.

"Nomau, amsa sallama wajibi na. Kuma da baki aka amsa ta."

Yaya ya buɗe ido guda. "Allah shi gafarta Malam, ai na amsa cikin zuci. Wanga ɗan aike na kawai."

"To ɗan aiken naka shi zai yi maka salla?"

"A'a, Malam, salla da kaina nika zuwa. Shi ba shi riƙe alwala."

Malam ya gimtse dariya, ya kaɗa riga ya juya. Molo ya ce masa a sauka lafiya. Wallahi kafin Malam ya ankara ya amsa da amin.

Ku yara ba ku sani ba, mu gidanmu ba makaɗa ba ne. Manoma ne mu tun kaka da kakanni, duk ƙasar Kurfai an san gonarmu. Tsakiyar noma anka haife shi, shi ya sa anka sa masa Nomau, amma ban taɓa ganin sunan da ya yi ɓatan kai irin wannan ba. A ba shi hauya, sai a tarar da shi bakin rijiya wurin Fulani yana koyon sarewa. Molo wurin Zabarmawa ya ɗauko shi. Goge kuwa a ɓoye ya koya, don Baba ya rantse in ya ga goge a gidansa sai ya hura wuta da shi. Bai taɓa yi wa kowa roƙo ba, bai taɓa wasa wani basarake ba. Shi dai sautin yake bi, duk inda ya ja shi.

Sai Nasara sunka zo neman soja, yaƙinsu na farko da Jamus. Anka ce kowane gari ya ba da samari, Yaya ya faɗa ciki. Damina huɗu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Inna ta yi kuka har ido ya fara ba ta wuya.

Ranar da sunka dawo, kowa da tsarabarsa, wani takalmi, wani lambar ƙarfe a ƙirji. Yaya ya shigo da wani abu naɗe cikin bargon soja, ya goya shi a baya kamar jariri. Inna ta ce lalle dukiya ce. Ta sallami maƙwabta, ta ja mu ɗaki, ta sa na tsaya bakin ƙofa. Ya kwance bargo a hankali. Sai ga wani katako mai ƙugu, da dogon wuya, da tsirkiya shida, da rami a tsakiyar ciki. Inna ta zura hannu cikin ramin ta laluba. Ta ɗaga ta girgiza.

"Nomau, ina abin da ke ciki?"

"Babu komi, Inna. Gita sunanta."

"Damina huɗu ina kuka, ka zo mini da akushi babu tuwo?"

"Inna, da da abu ciki, ai ba ta magana."

Ya zauna bakin gado ya kaɗa. Kai, jama'a! Ban taɓa jin irinsa ba. Kiɗin yana tafiya kamar mutumin da ba ya sauri, ya yi taku biyu ya tsaya, ka ɗauka ya faɗi, ashe jinkirtawa ya yi. Ina tsaye bakin ƙofa sai na ji kamar ɗakin ya yi faɗi, kamar akwai wani babban ruwa bayan danga, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba. Ya ce sunan kiɗin jaz, baƙaƙen sojan Amurka ke yin sa.

Inna ta saurara har ya gama. Can ta ce, "Wanga kiɗi, kuka shika yi ko dariya?"

"Duka biyu, Inna."

"To ka riƙa yin shi bayan rumbu, kar kajina su rikice su daina ƙwai."

Yadda ya lallaɓa tsirkiyoyin nan shida, ko mai jego ba ta lallaɓa jinjiri haka. Ya goge su da man shanu, in ɗaya ta tsinke ya ƙulla, ta sake tsinkewa ya sake ƙullawa, har ƙulli ya fi tsirkiya yawa. Daga nan har Yamai babu mai sayar da irinsu. Da 'yar siririyar ta mutu murus, ya gwada izgar doki, ya ce muryar goge take yi, shi kuma yana da goge. Kwana bakwai tuwo ba ya shiga bakinsa sai an yi faɗa.

Ana haka tafintan bariki ya sayo keke, na farko da garinmu Filinge ya gani. Da yashin garin nan, tura shi ya fi hawansa yawa, amma fa ya samu abin taƙama. Yaya ya yi kwana uku yana bin keken nan, ya tsuguna ya leƙa, ya shafa. Har tafinta ya fara jin daɗi, yana cewa tsohon soja ya san kaya.

Ranar Lahadi, kasuwa ta cika, sai ga tafinta ya gangaro daga bariki, babbar riga na tashi a bayansa. Ya matse birki. Babu. Ya sake matsewa. Babu! Yana ihu a kauce, a kauce, har ya shige tsakiyar masu nono, ƙwarya guda ta kife masa a ka. Daidai wannan lokacin kuma, daga ƙofar gidanmu, wata sabuwar murya siririya tana tashi garau, duk unguwa na ji. Ba a sha wahalar bincike ba. Kafin azahar gardi biyu, dogaran bariki, sun tasa Yaya gaba, da shi da gitar.

To nan fa dariya ta ƙare mana. Zamanin nan in Kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya yanke maka hukunci, aikin hanyar Yamai ne, fasa dutse da ɗaukar ƙasa a ka. 'Ya'yan maƙwabcinmu biyu anka kai, ɗaya ya dawo. Inna ta zube ƙasa ta kasa tashi. Ni na saɓa 'yata Rabi a baya, lokacin tana jaririya, na ɗauki ƙwaryar fura na bi su.

Anka yi zama a barandar bariki. Kumandan wani saurayin Bature ne, siriri, zazzaɓi ya cinye shi har ido ya faɗa. Ku ji rashin sa'a: mai ƙara shi ne tafinta. Yaya ya ce, "Aro na yi." Kalma uku. Tafinta ya juya ya yi ta zuba Faransanci, yana nuna kansa, yana nuna sama, har da yanka wuya da yatsa. Kumandan ya buga tebur. Tafinta ya juyo yana murmushi ya ce wata shida kan hanya, kuma a cire waya yanzu.

Sai na ga Yaya ya miƙe tsam, ya haɗa dugadugai, ya ƙame ya sara irin na soja, ya yi magana da Faransancinsa na bariki. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce: hukunci ya karɓa, waya kuma zai mayar, amma tunda ita ma da ita anka yi laifin, a bari ta faɗi nata.

Ya zauna ƙasa ya lumshe ido. Ya fara a hankali, kamar mai taka gona bayan ruwan fari. Wayar birkin nan ta hau sama tana lilo, sauran tsofaffin tsirkiyoyin na binta a ƙasa suna gunaguni. Gardi sunka sauke bulala. Rabi da ke ta tsala kuka a bayana ta yi tsit. Wannan magana dai tafinta bai samu shiga tsakani ba.

Kumandan ya tashi ya shige ciki. Na ce shi ke nan, bindiga zai ɗauko. Sai ga shi da garmaho, ya ɗora faifai, ya wana. Wani kiɗi ya fito, ɗan'uwan na Yaya sak. Yaya ya karkata kai ya saurara, ya bi shi a baya, ya jera da shi, can sai ya wuce shi ya bar shi. Faifai ya ƙare, shi bai ƙare ba. Ya ajiye gita, ya zaro sarewa daga aljihu, ya ɗauki waƙar daga inda ya ajiye ta, ya kai ta can wajen rijiyoyin Fulani. Baturen nan ya yi dariya, sa'an nan ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe bai buɗe ba.

Da ya buɗe ya yi magana, tafinta ya fassara kamar mai haɗiyar maɗaci. An yafe hanya. Amma kowace Lahadi Nomau zai zo bariki ya yi kiɗi.

Yaya ya ce, "Lahadi ran kasuwa ta. Ba ni zuwa."

Innalillahi! Na manta a gaban wa nake, na ce, "Yaya, don girman Allah ka karɓa!"

"Auta, yi kurum. Ran kasuwa nika jin muryoyin mutane. In ban ji su ba, mi zan kaɗa mashi?"

Wallahi sai da anka mayar Litinin. Tafinta ya ce, "To ni keken nawa hwa?"

Yaya ya dube shi da tausayi. "Allah ya ba ka ƙafa biyu, Malam. Ka riƙa sa su ƙasa."

A hanyar gida na buɗe baki zan wanke shi, sai ya riga ni magana. Ya ce ko a ramin yaƙi bai ji tsoro haka ba. Kuma abin da da yawanku ba ku sani ba, duk Litinin in ya gama kiɗi sai ya roƙi a sako mutum ɗaya daga aikin hanya. Sau da yawa a hana shi. Wani lokaci a ba shi. Akwai masu zaune a nan da ubanninsu sunka dawo gida ta wannan hanyar.

Ke Rabi kina dariya, bari in zo kanki. Ranar bikinki da la'asar, na roƙe shi ya ja wa mata goge, na ce, "Yaya, waƙar da kowa ya sani, yadda kowa ya san ta. Ban da yawo." Ya ce to. Ya fara lafiya lau, mata sun shiga fili, uwar ango a gaba. Ta ɗaga ƙafa ke nan, sai waƙa ta ɓace. Goge ya yi gabas. Ya ajiye shi ya ɗauki gita, ta yi arewa. Ya koma molo. Uwar ango na tsaye da ƙafa a sama.

"Nomau! Ina ka kai muna waƙa?"

"Tana nan, Hajo, na san gidanta. Na zagaya in gaida dangi na."

Can sai ga shi ya faɗo daidai inda ya bar ta, ko taku ɗaya bai kuskure ba. Hajo ta dire ƙafa, fili ya ɗauki guɗa. Ta juyo tana haki ta ce, "Gobe in za ka gaida dangi, ka hwaɗa mini in zamna. Dangin naka sun cika yawa."

Daminar bana yatsunsa sunka sandare, ko tsirkiya ɗaya ba ya iya dannewa. Wata safiya na kai masa kunu, na tarar an fito da shi inuwa yana kallon gero. Ya ce in zauna. Ya ce bayan yaƙi sun yi wata uku a bakin teku suna jiran jirgin ruwa. Bayan madafar sojan Amurka akwai wani kuku, ƙato, baƙi wuluk, mai wushirya. In ya gama feren dankali sai ya ɗauki gitar nan. Yaya kuma ya ƙera wa kansa molo da gwangwani da sanda. Ba wanda ke jin ko kalma ɗaya ta ɗan'uwansa. Kullum da yamma sai su zauna kan buhuna, wannan ya faɗa, wannan ya amsa. Ranar da jirgin kukun zai tashi, ya miƙa wa Yaya gita, ya karɓi molon gwangwani ya rungume, ya hau jirgi yana waige.

Na ce, "Yaya, mi sunansa?"

"Ban tambaya ba. Hira ta yi yawa, ba mu kai nan ba."

Na yi dariya har kunu ya zube. Shi ma ya yi. Sa'an nan ya ce, "Auta, in kina yi mini addu'a, ki sa shi ciki."

"In ce wa?"

"Ki ce kuku mai wushirya. Allah ya san shi."

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, gero na fitar da kai, ya cika.

Allah ka jiƙan Yaya Nomau, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa. Kuku mai wushirya kuma, ya Allah, ka san sunansa, ka san inda yake kwance. Ka dube shi da rahama. Ku ce amin.