Tafiyar Ashafa da Iyatu Bakin Ruwan Yanbu

Ranar da muka tafi Yanbu, iskar zafi ta tashi tun kafin hantsi, irin wadda ke busar da leɓe kana cikin magana. Alhamis ce, wata biyu bayan hajjin shekarar 2001. Ni na tuƙa motar, domin Ashafa bai taɓa koyon tuƙi ba.

Ashafa maƙwabcina ne a unguwar Anbariyya cikin Madina, mun yi shekara ashirin da wani abu bango ɗaya. Aikinsa wanke kazzan, wato tankin ruwa da ake ginawa a ƙarƙashin gidaje. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka da buroshi da bokiti, ya fito yatsunsa duk sun yamutse. Yana saurayi ya yi shekara uku a Yanbu, garin bakin teku, tare da masunta, can ya koyi nutso. Akwai wani wuri a arewa da garin, inda mutum zai taka daga bakin gaɓa, ruwa iya gwiwa, iya ƙirji, sai ƙasa ta yanke, duwatsun murjani su bayyana. Daga baya wurin ya yi suna, Turawa da Filibinawa masu aikin kamfani suna zuwa da tukunyar iska a bayansu. Amma mu a bakin Ashafa muka san shi. Duk zaman shayi sai ya kawo shi: kifi shuɗi, kifi mai zane kamar atamfa, murjani mai rassa.

Matarsa Iyatu ta fi kowa jin labarin. Takan kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, “Abu Sundus, wannan aljannar taka dai, ko a kai ni ko a bar ni in huta.”

Ya ce bayan azumi. Azumi ya wuce, masu gidajen saukar baƙi su taso shi a wanke musu kazzan kafin alhazai su iso. Ya ce bayan hajji. Haka shekaru suka tafi. Ba rowa ba ce, na san shi. Gani yake teku ba ya zuwa ko'ina.

Sai ciwon suga ya taɓa mata ido. Likita ya ce abin gaba yake yi. Ta daina zura zare a allura, sannan ta daina gane mutum sai ya yi magana. Duk da haka Ashafa ya ƙara hajji ɗaya yana cikin rami. Da ya gama ya zo ya same ni, ya ce, “Sabo, ara mini kanka da motarka, kada idon nan ya rufe ba ta gani ba.”

Mu huɗu ne, da 'yarsu Sundus, wadda ake yi wa Hausa tana mayarwa da Larabci. A hanya Iyatu tana ta tsokanarsa.

“Malam Sabo, kai ne shaida. In na tarar da kududdufi, shi zai dafa abincin sati.”

“Kin ci shinkafa ɗanya ke nan,” in ji shi.

Mun isa kafin azahar. Ashafa ya ba ni gilashin shiga ruwa, ya ce in fara gwadawa. Ban iya ninkaya ba, iya ƙirji na tsaya na sunkuyar da fuska. Ni ba mai ilmi ba ne, ban san sunan ko ɗaya ba. Amma abin da Ashafa ya faɗa mana duk shekarun nan bai kai rabi ba. Ruwa garau. Kifaye ƙanana masu ruwan lemo sun taru kamar an watsa su, wani babba kore yana gutsurar dutse har ina jin ƙarar. Na ɗago ina tasbihi.

Na fita na koma gefe. Iyatu ta shiga da abayarta da takalmin roba, Sundus a dama, mijinta a hagu. Ya ɗaura mata gilashin a kan mayafi, ya nuna mata yadda za ta riƙe numfashi. Ta sunkuya, ta ɗago. Ta sake sunkuyawa, ta daɗe. Daga inda nake ina hango kifayen suna kewaya abayar.

Ta ɗago ta ce, “Wani kore-kore nake gani da ɗan haske. Abu Sundus, gaya mini gaskiya. Wurin ne, ko idona ne?”

Sundus ta juyo ta dube shi.

Ya ce, “Wurin ne. Ya lalace. Jirage sun gurɓata shi, babu komai sai laka.” Ya ɗaga murya. “Ko ba haka ba, Sabo?”

Na ce haka ne, Hajiya.

Ta yi dariya, ta tuɓe gilashin. “To alhamdu lillahi. Na ɗauka ni ce na makara.” Sundus ta kau da kai, ta ce gishiri ne ya shiga mata ido.

Da muka dawo Madina, Iyatu ta ba matan unguwa labari, cewa wurin da ake ta yabo laka ce zalla. Magana ta kai majalisar shayi. Aka sa Ashafa a gaba, ana ce masa Sarkin Kududdufi, ana tambayarsa ina kifi mai atamfa. Yakan yi murmushi ya ce tsufa ne ya sa shi ƙarin gishiri. Bai sake ba da labarin ba. Ni ma ina zaune ana yi, ban taɓa buɗe baki ba. Ya kuma dafa abincin satin nan, kamar yadda ta ce.

Idonta ya rufe gaba ɗaya cikin shekara guda. Ko ta yarda da mu, ko ta gane ta rufa mana asiri, ban sani ba, ban kuma tambayi kowa ba. Ta rasu a 2004, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Wurin ya cancanci sunan da ya yi, na gani da idona. Ashafa ya bar aikin kazzan, gwiwoyinsa sun ƙi. Yanzu yana gidan Sundus da mijinta a Uhudu, a ɗakin ƙasa, ba ya fita sai masallaci.